Turanci a kunnen wanda ba ya jin sa: daga Milan zuwa Firisiya a jirgin ƙasa

Aiki ne ya kai ni Milan. Da aka tashi daga aikin sai na ƙi bin jirgin sama, na ce bari in bi layin dogo in nausa arewa har inda ƙasa ta ƙare a bakin teku. Na tafi da wata tambaya da ta taso a gardamar da muka yi da abokan aiki: wanda bai iya Turanci ba, me kunnensa ke ji in Bature na magana? Ni dai ba ni da amsa. Tun ina ƙarami aka ɗura mini harshen a aji, kuma da zarar ka san abin da kalma ke nufi, to amonta ya ɓace maka ke nan, ma'ana ce ke riga sauti isa. Dole sai aron kunnen wasu.

'Yan Italiya suka ce kada in wahalar da kaina, wani nasu ya riga ya ba da amsa tun 1972. Suka tura ni Via Gluck, wani ɗan titi da ke bayan babbar tashar jirgin ƙasa ta Milan, tafiyar ƙafa ce ba nisa. Ba wani abin kallo a wurin. Tsofaffin gidaje ne masu hawa-hawa, bango duk zanen fenti na samari, ga ƙarar jirage ba dare ba rana. A gida mai lamba 14 aka haifi mawaƙi Adriano Celentano a 1938, kuma shi ne ya fitar da waƙar nan mai dogon suna, Prisencolinensinainciusol. Sunan ba ya nufin komai, haka ma baitocin. Mutumin ya zauna ne ya ƙera wani abu mai kama da Turancin Amurka tun daga farko har ƙarshe, ba tare da ya ce komai ba. Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa jigon waƙar shi ne yadda mutane suka kasa fahimtar juna.

A tsaye na saurare ta a waya, a gaban gidan. Abin da ta yi mini ya fi ƙarfin dariya. Kunnena ya yi ta miƙa hannu zai kama kalma, kalmar na sulluɓewa. Sai ka rantse Ba'amurke ne ke magana, kai ne dai hankalinka ya tafi wani wuri, kuma in ka ƙara natsuwa za ka gane. Ka natsu, ba komai. Da na maimaita sai na fara lura da kayan da ya haɗa aikin da su. Ya ɗauki “r” ɗin nan na Amurkawa wanda harshe ke naɗewa a tsakiyar baki bai taɓa ko'ina ba. Ya ɗauki wasulan da ba sa tsayawa wuri ɗaya, a fara da “a” a ƙare da “i”, a fara da “o” a zame zuwa “u”. Sannan ya riƙa danna gaɓa ɗaya da ƙarfi yana haɗiye biyu ko uku da ke biye da ita. Iyakar sirrin ke nan, kuma ya isa.

Akwai wani dattijo mai gyaran takalma a kusa da wurin, mun ɗan taɓa hira da guntun Faransancin da muke da shi mu duka biyu. Da na ce ya kwaikwayi Ba'amurke, bai yi wata-wata ba. Ya ajiye guduma, ya karkace baki gefe ɗaya, ya tura haɓa gaba, ya saki kafaɗu, ya ce, “Awanagana, orrait, orrait!” Lura da cewa sai da jikinsa ya canza kafin muryarsa ta fito. Wannan “awanagana” ɗin ba ƙirƙirarsa ba ce. Daga bakin ɗan wasa Alberto Sordi ta fito, a wani fim na 1954 kan wani saurayin Roma da son zama Ba'amurke ya haukata. Da na ce to Baturen Ingila fa, sai ya miƙe wuya, ya tsuke leɓe, ya yi Italiyancinsa na yau da kullum amma yana ɗora nauyi a gaɓar da ba ta dace ba, da wata siririyar murya mai shirin kuka. Muryar Laurel da Hardy ce, 'yan barkwancin nan biyu, yadda aka fassara finafinansu a Italiya da gurɓataccen lafazi na Turawa. Sordi ɗin nan shi ne ma ya daɗe yana ara wa Hardy murya.

Wannan ya nuna mini daga ina kunnen Italiya ya samo Turancinsa. Tun a shekarun 1930 gwamnatin Mussolini ta hana a ji harshen waje a majigi, aka koma ɗora muryar 'yan ƙasa a kan finafinan ƙetare, kuma al'adar ta zauna har yau. Ke nan mutum zai iya kallon finafinan Amurka tun yana yaro har ya yi furfura bai ji jarumi ɗaya ya yi Turanci ba. Inda suka ji shi da gaske shi ne bakin sojojin da suka sauka a Sisili a 1943 suka yi ta hawowa arewa, sai kuma faifan waƙa. Dattijon nan soja da mawaƙi yake kwaikwayo, ba harshe zalla ba.

Jirgin Paris yana bi ta Turin, ya kutsa ƙarƙashin duwatsun Alps ta dogon rami, ya ɓullo a Faransa. Tafiya ce ta wajen awa 7, kuma kujerunmu masu fuskantar juna ne, ba yadda za a yi mutum ya yi shiru har a isa. Da wata mata 'yar Sifaniya, malamar jinya, da wani ɗalibi Bafaranshe mai rungume da jita kamar jariri. Na jefa musu tambayata tun kafin mu bar Turin.

Matar ta ce su a wurinsu ai abin yana da suna. In yaro yana son ya nuna yana Turanci, cewa yake “waci-waci, wacu-wacu”, kuma kowa ya gane. Ta tuna mini da waƙar Aserejé ta 2002, wadda wasu 'yan'uwa mata daga Kordoba suka rera ta zagaye duniya. Amshin waƙar da mutane suka yi ta neman fassararsa, har wasu suka ce kiran aljanu ne, ba komai ba ne illa farkon wata waƙar gambarar Amurka ta 1979 mai suna Rapper's Delight, yadda ta faɗa kunnen ɗan Andalus da bai iya Turanci ba. Ɗalibin ya ce su kuma “yogot” suke ce wa irin wannan. Mawaƙi in ya samu kari bai samu kalmomi ba, sai ya cike gurbin da Turancin ƙarya, a ce yana waƙa da yogot. Ya zaro jitar ya yi mana baiti biyu a hankali don kada a dame sauran fasinja. Wallahi da a rediyo na ji, da ban yi musu ba.

Na ce to, ban da wasa, me ya fi damun kunnenku? Matar ta ce wasulan. Harshensu wasali 5 gare shi, kowanne a fili yake, in an ce “a” to “a” ce. Italiyanci yana da 7. Turancin da ake ji a bakin masu karanta labarai na Ingila kuwa yana da wajen 20, in aka haɗa da tagwaye, kuma wanda ya fi yawa a cikinsu wani raunannen sauti ne da ba “a” ba, ba “e” ba, ba “o” ba, wanda ke fita in ka buɗe baki kaɗan ba ka motsa komai ba. Ta ce shi ya sa take ganin kamar Turawa ƙyuyar buɗe baki suke yi. Ɗalibin ya ce shi abin da ke ba shi mamaki shi ne tsalle-tsallen muryar. Bafaranshe yana jera gaɓoɓinsa kusan tsawo ɗaya, ya ɗan ja ta ƙarshe. Bature kuwa sai ya daki ɗaya, ya tattake uku, ya sake dukan wata.

Abin da yaron ya ji da kunnensa, masana sun daɗe da ba shi suna. Wani masanin furuci ɗan Birtaniya, Arthur Lloyd James, ya kwatanta a 1940 cewa wasu harsuna tafiyarsu irin ta bindiga mai sarrafa kanta ce, tatatata, wasu kuma irin ta saƙon tangaraho ce, dogo da gajere a cakuɗe, kuma a rukuni na biyu ya sa Turanci. Da aka zo aka auna da na'ura daga baya, an ga lissafin bai fita daidai yadda aka zata ba. Amma kunne bai yi ƙarya ba, bambancin yana nan. Turanci yana matse gaɓoɓin da ba su da nauyi, yana kuma tara baƙaƙe uku a farkon kalma, wani lokaci huɗu a ƙarshenta, ba wasali ko ɗaya a tsakani da mutum zai huta.

Sai muka zo kan sautin da ake fitar da harshe tsakanin haƙora. Ɗalibin ya ce a makaranta kunya ce ke hana su yin sa, don ji suke kamar suna yi wa malami gwalo, sai su mai da shi “z” ko “s” su huta. Matar ta yi masa dariya, don su a yawancin Sifaniya suna da shi a harshensu, bai taɓa zame mata abin mamaki ba. Ni ma na ce duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi an sa shi ya bambanta ث da س, ko ذ da ز, ya san wannan wahalar tun kafin ya haɗu da Bature. Sautin ba shi da yawa a duniya, harsunan da ke da shi ba su kai ɗaya cikin goma ba. Abin lura a nan shi ne, mu uku muna sauraren harshe ɗaya, amma kowa abin da babu a nasa shi yake ji da ƙarfi. Wanda harshensa ke kaɗa “r” yana jin gurnani. Wanda ba ya ƙare kalma da “s” yana jin huci irin na maciji, don Turanci da “s” yake jam'i, da ita yake mallaka, da ita yake ƙare aikatau. Mu kuma cewa muke ta hanci suke magana.

Paris ban daɗe ba. Na tsallaka daga tashar Lyon zuwa tashar Arewa, na kama jirgin da ke ratsa Beljiyam ya shiga Jamus ta Aachen.

A Kolon, kana fitowa daga tasha babbar majami'ar nan ce ke tsaye a kanka, baƙa ƙirin, sai ka ɗaga kai har wuya ya yi ciwo kafin ka ga ƙololuwarta. Na sauka bakin kogin Rhine na zauna a benci, kusa da wani tsoho da ke kallon jiragen dakon kaya. Tsohon injiniya ne, Turancinsa tsaf, amma ya ce bai koye shi ba sai da ya girma, don haka yana iya tuna lokacin da harshen yake amo kawai a kunnensa. Bayan yaƙin duniya na biyu Kolon ta faɗa yankin da Birtaniya ke riƙe da shi, kuma gidan rediyon sojojinsu ya daɗe a garin. Ya ce su samarin lokacin can suke kamawa saboda kiɗa, suna jin mai gabatarwa na ta zuba ba su san me yake cewa ba.

Ya ce, “Abokina, ai Turanci biyu ne. Na Ingila, mutum ne ya sa dankali mai zafi a baki yana ƙoƙarin magana kada ya ƙone. Na Amurka kuma mai taunar cingam ne.” Ya gwada mini duka biyun. A na farko ya kumbura kumatu, leɓen sama bai motsa ba ko kaɗan, sautin na fitowa daga can ciki a dunƙule. A na biyu muƙamuƙinsa ya riƙa juyawa gefe da gefe, “rawr, rawr, wawr.” Jamusawa har suna da kalma guda da ke nufin Turancin cingam. Ban tsammanin haɗuwa ce kawai ta sa aka zaɓi cingam ba, alhali shi ne abin da sojojin Amurka suka yi suna da raba wa yaran Jamus bayan 1945.

Daga nan hirar ta juya, tsohon ya ɗan ɗaure fuska. Ya ce shi dai abin da ke ci masa rai shi ne yadda su Turawan ke kwaikwayon Jamusanci. Kullum ihu, kullum kakari, kamar kowane Bajamushe kwamandan soja ne da ke ba da oda. Ya ce, “Ka taɓa jin uwa Bajamushiya tana lallashin ɗanta ya yi barci? Su ba su taɓa ji ba. Finafinan yaƙi suka ji.” Ya yi gaskiya, kuma gaskiyar tasa ta shafi cingam ɗinsa shi ma, ko da yake ban gaya masa ba.

A ganina nan ne maganar take. Rabin abin da mutane ke cewa sun ji a Turanci yana cikin harshen da gaske, ana iya nuna shi a baki, a auna shi da na'ura: naɗaɗɗen “r”, wasula masu zamewa, gaɓoɓin da ake haɗiyewa. Ɗaya rabin kuwa ra'ayinsu ne game da masu harshen, sun rataya wa sautin. Wanda ke ganin Amurkawa masu kuɗi ne marasa ta-ido zai ce harshen yana da faɗi da rashin ladabi. Wanda ke ganin Turawan Ingila masu girman kai ne zai ce a hanci yake jin sa. Matashin da ya tashi da waƙoƙinsu zai ce ba harshen da ya kai shi daɗin rerawa. A 2023 wasu masu bincike, ciki har da na jami'ar Lund ta Suwidin, sun sa mutum 820 sun saurari muryoyi daga harsuna 228 suna ba su maki kan daɗin ji. Tazarar da ke tsakanin harsunan ta fito 'yar kaɗan, kuma abin da ya fi ɗaga makin harshe shi ne mai sauraro ya ɗauka ya san shi. Ba a yau aka fara ba. Girkawan dā ma duk wanda ba ya jin harshensu “bar-bar-bar” kawai suke ji daga bakinsa, kuma ba su tsaya a kan sautin ba, sai da suka yanke masa hukuncin rashin wayewa.

Duk wannan ji ne daga bakin wasu. Ni ina son in ji da kaina, shi ya sa ban tsaya a Amsterdam ba. Daga Kolon na shiga Holan ta Arnhem, na canza jirgi zuwa Zwolle, daga nan sai Leeuwarden, babban birnin lardin Firisiya. Dalilina shi ne wani gwaji da aka wallafa a 1998. An sa wa jariran Faransa sabbin haihuwa muryoyin da aka tace har kalmomi suka dushe, saura kari da tafiyar magana kawai. Jariran sun bambanta Turanci da Japananci, amma sun kasa bambanta Turanci da harshen Holan. To harshen Firisiya ya ma fi na Holan kusanci da Turanci. Kakannin masu Turanci da na mutanen Firisiya maƙwabtan juna ne a wannan gaɓar teku kafin Angulawa da Saksonawa su tsallaka zuwa Birtaniya a ƙarni na 5, kuma Firisiya ba ta sha ruwan kalmomin Faransanci da ya malale Ingila bayan 1066 ba. Masu jin harshen Firisiya a yau ba su kai rabin miliyan ba.

A cikin birnin ban ji shi sosai ba, harshen Holan ya fi yawa a titi. Na ga hasumiyarsu ta Oldehove, wadda aka fara ginawa a 1529 ta karkace tun ana cikin aiki aka bar ta haka, sannan na hau ƙaramin jirgin da ke zuwa ƙauyukan kudu maso yamma. Ƙasa shimfiɗe kamar faifai, ba tudu ko ɗaya, sai magudanan ruwa da shanu masu baƙi da fari. A wata ƙaramar tasha wasu tsofaffi uku suka shigo, mata biyu da namiji, suka zauna a bayana suka ɓarke da hira.

Nan na samu abin da na zo nema. Waƙar Celentano ƙirƙira ce, wannan kuwa mutane ne ke maganar gabansu, da tsegumi da musu da dariya, kuma kunnena ya rantse Turanci ne. Wasulan suna lanƙwashewa yadda na saba, nauyi na faɗawa inda nake jira ya faɗa, babu kakarin nan na farkon kalma da ke tona asirin ɗan Holan. Jefi-jefi wata kalma ta faɗo wadda na sani sarai, ta rana ko ta ruwan sama, sai kuma a ci gaba da abin da ba na ganewa. Da ma'ana ta kauce daga hanya, sai na ji siffar abin: magana ce mai gudu da birki, mai yawan lilo, wadda baki ba ya buɗewa sosai a cikinta. Dankalin tsohon Kolon ya faɗo mini a rai, na ce lallai mutumin nan bai yi sharri ba. Bambanci ɗaya da na kama shi ne “r” ɗinsu, su suna kaɗa shi.

Na juya na gaishe su, suka koma Turanci nan take ba tare da wata wahala ba. Na gaya musu abin da ya kawo ni. Namijin ya ce shi a kunnensa Turanci harshensu ne da ya yi tafiya ya daɗe, ya dawo da kayan aro yana yi wa mutane yanga. Ɗaya daga cikin matan ta ce to, tunda na sha kwaikwayon wasu a hanya, sai in biya bashi, in yi musu yadda nasu harshen ya faɗa mini a kunne.

Na gyara zama, na tattaro duk abin da na ji a bayana, na saki baki na zuba musu surutu marar ma'ana, da lilon da birkin da komai. A raina na ce na kama su. Suka dubi juna. Matar ta girgiza kai ta ce, “A'a, ɗana, mu ba haka muke magana ba. Wannan ai mutanen Groningen ne.” Groningen ɗin lardin da ke maƙwabtaka da su ne ta gabas, kuma sauran biyun suka ce ƙwarai kuwa, sak mutanen Groningen.